Inji Ya Iya Zana Hoto, Wa Zai Gina Wasan?

Lacca a kan ƙirƙirarriyar basira da zanen wasannin bidiyo

 

 

An nemi in yi magana a kan manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu zana hoto, waɗanda mutum zai rubuta musu jimla guda su fito masa da zane nan take, da yadda ake amfani da su wajen haɗa wasannin bidiyo, gem ɗin nan da yara da manya ke bugawa a waya da kwamfuta. Zan faɗi matsayina tun daga farko, don kowa ya riƙe ma'auninsa yana auna abin da zai biyo baya. Waɗannan injina sun karya farashin hoto guda har ya kusan zama kyauta. Amma akwai abubuwa huɗu da wasa yake tsayawa a kansu, waɗanda har yau suna nan da tsadarsu: daidaiton zane daga farkon wasa zuwa ƙarshensa, mallakar abin da aka zana, amanar masu saye, da idon gwani mai bambance zane mai kyau da zanen da ya dace. A kan waɗannan huɗun maganata za ta tafi.

Abin da wasa yake ci

Mutane fiye da biliyan 3 ne ke buga wasannin bidiyo a duniya, kuma sana'ar tana juya kuɗi kimanin dala biliyan 180 a shekara, kusan rabinsu daga wayar hannu. Manyan wasanni kuwa kuɗi suke ci ba na wasa ba. A 2023, lokacin shari'ar da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta yi da Microsoft, wasu takardun kamfanin Sony da ba a rufe sirrinsu da kyau ba sun nuna cewa Horizon Forbidden West ya ci dala miliyan 212, The Last of Us Part II kuma kimanin miliyan 220. Akasarin irin wannan kuɗi albashi ne, kuma masu zane suna cikin rukunin ma'aikata mafi yawa. Saboda haka duk wanda ya zo wa shugaban kamfani da alkawarin rage kuɗin zane, za a ba shi kujera.

To me ake zanawa? Mu ɗauki jarumi guda a kan dokinsa. Da farko akwai zanen share fage, inda ake gwada fuskoki da tufafi iri-iri har a tsayar da guda. Daga nan wani zai gina shi a kwamfuta da tsawo da faɗi da kauri, ta hanyar saƙa raga ta dubban ƙananan alwatika. Wani zai lulluɓa wa ragar fata, ya nuna inda ƙarfe yake sheƙi da inda yadi ya koɗe. Wani zai sa masa ƙashi da gaɓoɓi don gwiwa ta lanƙwashe inda gwiwa take. Wani zai koya masa tafiya da sukuwa da faɗuwa. Bayan jarumin akwai bishiyoyi, gidaje, tukwane, taswira, maɓallan da ake dannawa, da hoton talla. Duk waɗannan sai na'ura ta sake zana su sau 30 ko 60 a kowace daƙiƙa, ba tare da wayar ta yi zafi ta tsaya ba.

Ku lura da abu ɗaya. Idan jarumin nan yana da tabo a kuncin hagu, dole tabon ya zauna a kuncin hagu ko ta ina aka dube shi, da rana ko da dare, a minti na farko da kuma bayan awa arba'in ana wasa.

Yadda injin yake aiki

Kwamfuta ta daɗe tana taya masu wasa ƙirƙira. Rogue na 1980 yana shirya sababbin ɗakuna duk lokacin da aka fara shi, No Man's Sky na 2016 kuma yana fitar da duniyoyi da ba wanda zai iya ƙirga su da ziyara. Sai dai waɗannan dokoki suke bi da ma'aikatan wasan suka rubuta, da kayan da masu zanensu suka zana. Abin da ya zo a 2022 wani abu ne daban. A watan Afrilu kamfanin OpenAI ya nuna DALL-E 2, a Yuli Midjourney ta buɗe ƙofa ga jama'a, a Agusta kuma aka saki Stable Diffusion, wadda kowa zai iya saukewa kyauta ya ɗora a kwamfutarsa ta gida, in dai tana da ƙarfi.

Koyarwar injin sauƙin faɗa gare ta. Ana ɗaukar hoto tare da bayanin da ke ƙarƙashinsa, a riƙa yayyafa masa ɗige-ɗige kaɗan-kaɗan har hoton ya ɓace gaba ɗaya. Sai a horar da injin ya koyi komawa baya, ya riƙa share ɗigon mataki-mataki har hoto ya bayyana. Ana maimaita wannan da miliyoyin hotuna. In ya ƙware, sai a ba shi ɗige-ɗige zalla da jimlar da ka rubuta, shi kuma ya yi ta sharewa yana karkata zuwa ga abin da ya yi kama da jimlar. Hotunan da aka horar da Stable Diffusion ta farko da su an tsamo su ne daga rumbun wata ƙungiya ta Jamus mai suna LAION, rumbun da ya ƙunshi hotuna da bayanansu biliyan 5.85, duk an kwaso su daga intanet ba tare da an tambayi masu su ba.

Abubuwa uku ne suke fitowa daga wannan tsari, kuma su ne tushen duk matsalar da za mu tattauna. Na ɗaya, kowane zane daga sabon yayyafi yake farawa, don haka jimla ɗaya tana haifar da hotuna mabambanta. Na biyu, injin ya san kamannin abu, bai san yadda aka gina shi ba. Na uku, kullum yana karkata zuwa ga abin da ya fi gani da yawa.

Inda yake da rana, da inda yake tuntuɓe

Kada mu raina abin. A matakin neman tunani yana da amfani ƙwarai. A farkon 2025 wani babban ma'aikacin fasaha na kamfanin Capcom na Japan, masu Resident Evil da Street Fighter, ya bayyana cewa babban wasa yana buƙatar ɗaruruwan dubban ƙananan kayayyaki a bayan fage, kuma sun gina tsarin da ke kawo musu shawarwarin siffofin waɗannan kaya, masu zane su zaɓa. High on Life, wanda ya fito a Disambar 2022, ya yi amfani da Midjourney wajen zana fastocin da ke manne a bangon ɗakin jarumin. Fatar bango, yashi, itace, gajimare, duk abin da ido ke wucewa ta kansa bai tsaya ba, injin yana yi da sauri. Ga matashi mai rubuta manhaja shi kaɗai, wanda ba shi da kuɗin ɗaukar mai zane, wannan na ba shi damar gwada wasansa da fuska a maimakon akwatuna masu launin toka.

Tuntuɓen yana farawa ne lokacin da aka ce a maimaita. Injin nan kamar tela ne da zai ɗinka maka riga ta gani ta faɗa cikin minti ɗaya, amma in ka kai masa anko na mutum hamsin, kowace riga da kalar wuyanta za ta fito. Wasa kuwa anko ne. Ka nemi jarumin nan daga gaba ya ba ka mai ɗamara ja, ka neme shi daga baya ɗamarar ta koma igiya, tabon ya tsallaka kuncin dama.

Masana sun nemo magunguna. A Fabrairun 2023 masu bincike a jami'ar Stanford suka fitar da ControlNet, wadda ke ba ka damar zana ƙwarangwal ɗin tsayuwar da kake so injin ya bi. Akwai kuma dabarar LoRA, wadda masu binciken Microsoft suka fara bayyanawa a 2021, inda za ka ba injin zane ashirin ko talatin na jarumi guda don ya saba da shi. Waɗannan sun rage matsalar sosai. Amma ku duba da kyau: wa ya zana ƙwarangwal ɗin? Wa ya zana talatin ɗin farko? Mai zane ne.

Sai batun gyara. Ƙwararren mai zane yana miƙa aikinsa hawa-hawa: jiki daban, riga daban, inuwa daban, bayan fage daban. In shugaban zane ya ce a ɗaga hannun dama kaɗan a bar sauran yadda suke, aikin minti goma ne. Injin yakan ba ka hoto a dunƙule, in ka taɓa nan can ya motsa. A siffofi masu kauri abin ya fi tsanani. Ragar da yake saƙawa takan fito a cukurkuɗe, ta yi kyau a tsaye, amma da zarar an sa mata ƙashi an lanƙwasa gwiwar hannu sai ta tattare. Yakan kuma gasa haske da inuwa a jikin fatar, alhali wasa yana so ya haska abin da kansa gwargwadon inda rana take. Kayan aikin suna ƙara kyau kowace shekara, hannu mai yatsa shida ya yi ƙaranci yanzu. Duk da haka lissafin da ya kamata mai kamfani ya yi shi ne na awoyin da aka kashe daga umarni na farko har abin ya shiga wasa yana aiki. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Na wane ne?

Tambayoyi biyu ne a gaban kotuna: abin da ya shiga injin, da abin da ya fito.

A kan abin da ya shiga, labarin Greg Rutkowski ya isa misali. Mai zane ne ɗan ƙasar Poland, ya yi wa Dungeons & Dragons da Horizon Forbidden West aiki. A Satumbar 2022 mujallar MIT Technology Review ta ruwaito cewa an sa sunansa a cikin umarnin Stable Diffusion kimanin sau 93,000, mutane suna cewa injin ya zana musu abu a salonsa. Ba a nemi izininsa ba, ba a ba shi ko kwabo ba, kuma ya koka cewa zanen bogi ya fara binne nasa na gaskiya a intanet. A Janairun 2023 masu zane uku, Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz, suka maka Stability AI, mai Stable Diffusion, da Midjourney a kotu a Amurka. Kamfanin hotuna na Getty Images ya shigar da tasa ƙarar a Landan, inda a Nuwambar 2025 kotu ta yanke hukuncin da akasarinsa ya yi wa Stability AI daɗi, bayan Getty ta janye babban zarginta saboda ba a Birtaniya aka yi horarwar ba. A Yunin 2025 Disney da Universal su ma suka kai ƙarar Midjourney. Wasu kamfanoni sun bi wata hanya, kamar Adobe da ta ce ta horar da injinta na Firefly da hotunan da take da lasisinsu da waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare.

A kan abin da ya fito, mutumin da ya tayar da ƙura mai haɗa wasanni ne, irin na kan tebur. A 2022 Jason Allen ya ci gasar zane a bikin baje kolin jihar Colorado da hoton da ya yi da Midjourney, aka ba shi dala 300. Da ya nemi rajistar mallaka, ya ce ya rubuta umarni aƙalla 624 kafin ya samu abin da yake so. A Satumbar 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi. Kafin nan, a kan batun wani littafin zane mai suna Zarya of the Dawn, ofishin ya ce rubutun da jeren hotunan suna da kariya, amma hotunan kansu ba su da ita. A Janairun 2025 ya sake jaddada cewa rubuta umarni kaɗai ba ya mai da mutum mawallafi. A ƙasar Sin kuwa, wata kotun Beijin ta yanke akasin haka a Nuwambar 2023, ta ba wani mutum mallakar hoton da ya yi da Stable Diffusion.

Me wannan yake nufi ga mai wasa? Dukiyar kamfanin wasa jarumansa ne. Mario da Pikachu suna kawo wa masu su kuɗi ta riguna da 'yartsana da fina-finai saboda ba wanda ya isa ya kwafe su. In jarumin wasanka inji ne ya fitar da shi kai tsaye, to a babbar kasuwa irin Amurka wani zai iya ɗaukarsa ya buga a riga, kai kuma ka rasa ta inda za ka kama shi.

Amanar masu saye

Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta mallakar kamfanin Valve, ta riƙa mayar da wasu wasanni masu zanen inji a tsakiyar 2023 saboda tsoron shari'a. A Janairun 2024 ta sauya: ka kawo, amma ka bayyana, a rubuta a shafin wasanka kowa ya gani. Ta raba abin gida biyu, wanda aka ƙirƙira tun ana haɗa wasan, da wanda injin ke ƙirƙira nan take ana cikin bugawa, kuma na biyun sai ka faɗi matakan da ka ɗauka don kada ya fito da abin da doka ta hana. Wani bincike da aka yi a tsakiyar 2025 ya ƙirga wasanni kusan 8,000 da suka yi wannan bayani, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka fito a shekarar suna ciki.

Masu buga wasa kuwa sun zama 'yan sandan ciki. A Disambar 2024 suka hango wani hoto a Call of Duty: Black Ops 6 mai hannu da yatsu shida, aka yi ta cece-kuce, sai a Fabrairun 2025 Activision, mai wasan, ta rubuta a Steam cewa tana amfani da waɗannan kayan aiki. Darasin da ya fi girma shi ne na Clair Obscur: Expedition 33, aikin wani ƙaramin kamfani a Montpellier ta Faransa. Wasan ya ci kyautar gwarzon shekara a bikin The Game Awards na 2025. Amma lokacin da ya fito a Afrilu, an ga wasu 'yan fastoci na wucin gadi da inji ya zana, waɗanda aka manta ba a cire ba. Kamfanin ya musanya su cikin 'yan kwanaki. Duk da haka a Disamba masu shirya Indie Game Awards suka karɓe kyaututtuka biyu da suka ba shi, domin dokarsu ta hana zanen inji, kuma an shaida musu tun farko cewa ba a yi amfani da shi ba. Aikin shekaru ya samu tabo saboda 'yan takardu a jikin bango. Abin da aka sa da niyyar wucin gadi yana da halin zama, don haka duk abin da inji ya zana a yi masa alama tun ranar farko.

Matakin farko na tsani

Yanzu mu zo ga mutane. A Afrilun 2023 jaridar Rest of World ta ruwaito yadda masu zanen wasanni a Sin suka ga aikinsu ya ja baya. Wata mai zane da ke karɓar yuwan 3,000 zuwa 7,000 a kan fasta guda ta koma ana kiranta gyaran zanen inji a kan kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi. A Disambar 2022 masu zane suka cika shafin ArtStation da tambarin ƙin amincewa. A jami'ar Chicago masu bincike suka fitar da Glaze da Nightshade, manhajojin da ke sauya hoto ta yadda ido ba zai lura ba amma injin da ya haɗiye shi zai rikice. Ƙuri'ar jin ra'ayi da babban taron masu haɗa wasanni na GDC ke yi duk shekara ta nuna cewa masu ganin wannan fasaha tana cutar da sana'ar sun tashi daga kashi 18 cikin ɗari a 2024 zuwa kashi 30 a 2025.

Adalci ne a faɗi cewa korar ma'aikata da aka yi a 2023 da 2024, har da mutum 1,900 da Microsoft ta sallama daga sashen wasanninta a Janairun 2024, tana da wasu dalilai: ɗaukar ma'aikata fiye da kima lokacin korona, tsadar bashi, da haɗewar kamfanoni. Abin da ya fi damuna wani ne daban. Aikin da injin ya fi iyawa, wato tukwane da akwatuna da duwatsu da ƙananan alamomi, shi ne aikin da ake ba sabon shiga. A nan yake koyon yadda haske ke faɗa wa ƙarfe, a nan babba yake dawo masa da aiki sau biyar har idonsa ya buɗe. Shugaban zanen da ake buƙata yau don ya dubi hotuna ɗari na inji ya ce wannan ne, ya kuma faɗi dalili, ta wannan hanya ya biyo. Kamfanin da ya daina ɗaukar masu koyo zai ga riba a bana da baɗi, bayan shekara goma ya nemi mai irin wannan ido ya rasa.

Abin da injin bai gani ba

Na ce injin yana karkata zuwa ga abin da ya fi gani. A Oktobar 2023 Rest of World ta sa Midjourney ta zana hotuna 3,000 na mutane da gidaje da tituna da abinci na ƙasashe shida, har da Nijeriya. Ba'indiye kusan kullum tsoho ne mai gemu, ɗan Mexico kuma da faffaɗar malafa. Ƙasa guda mai ɗaruruwan al'adu sai ta koma fuska ɗaya.

Nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Jarumin Turai mai kayan ƙarfe, injin ya ga dubbansa. Amma ku gwada da kanku, ku nemi barde a hawan sallah, da sulkensa da kwalkwalinsa, dokinsa sanye da lifidi. Ku nemi rawani mai kunne biyu, ko babbar riga mai aska takwas, ko soro mai zankwaye da bakan gizo irin na masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Akasari za ku samu hoto mai ɗaukar ido, amma naɗin na wata ƙasa ne, ginin ya karkata Maroko, aikin rigar kuma wasu layuka ne da ba maɗinkin da zai gane su. Baƙo zai yaba. Ɗan gida zai san ba haka ba ne. Haɗarin shi ne yaron da ya taso yana ganin wannan a wayarsa ya ɗauka haka kakanninsa suke.

Wannan giɓi kuma shi ne jarinku. Steam tana karɓar sababbin wasanni fiye da 18,000 a shekara, kuma idan kowa yana ɗiba daga rumbu ɗaya, kamanni za su yi ta haɗuwa. Wanda zai fita daban shi ne mai abin da ba ya cikin rumbun. Kiro'o Games a Yawunde ta Kamaru ta fitar da Aurion a 2016, da zanen hannu da labari mai tushe a Afirka, duniya kuma ta waiwayo. Maliyo Games ta Legas ta kai ga yin aiki da Disney a kan wasan Iwájú a 2024. Cuphead, wanda aka zana motsinsa a takarda ɗaya bayan ɗaya, ya sayar da miliyoyi saboda ba abin da ya yi kama da shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Shawara ga mai niyyar farawa

Ga abin da nake ba ku shawara. Ku yi amfani da injin a inda kuskure ba shi da tsada: neman tunani, gwajin farko, da abin da ke can bayan fage. Jarumanku da tambarinku da duk abin da za a san wasanku da shi, hannun mutum ya zana su, ku ajiye zanen farko da duk matakan aikin, domin su ne hujjarku ranar da aka yi jayayya. Kada ku sa sunan mai zane mai rai a cikin umarni don ku samu salonsa a ɓagas. In za ku horar da inji, ku horar da shi da hotunan da kuka ɗauka da kanku ko zanen da kuka biya, tare da yardar mai shi a rubuce, ko da kuwa maɗinkin hula ne ko magini a unguwarku. Ku karanta sharuɗɗan kowace manhaja kafin ku sayar da abin da ta fitar. Ku faɗa wa masu saye gaskiya tun kafin su gano da kansu.

Ga ɗalibai masu zane kuma, kada ku ajiye fensir. Ku koyi tsarin jikin mutum da na doki, ku koyi haske da launi, ku koyi saƙa raga mai tsabta, sannan ku koyi injin a matsayin ɗaya daga cikin kayan aikinku. Ga malamai da masu ɗaukar aiki, ku ci gaba da ba masu koyo ƙananan ayyuka ko da inji zai fi su sauri, ku lissafa wannan a cikin kuɗin horarwa. Ga masu kyamara a cikinku, gine-ginen ƙasa suna rushewa duk damina, tsofaffin maɗinka da maƙera suna ƙarewa. Ku ɗauki hotunan aikinsu, ku rubuta sunan kowane abu daga bakin masu shi, ku adana da sunan wanda ya yi. Ko da inji ko ba inji, wanda zai zana mu gobe yana buƙatar wannan.

Allah ya sa albarka a iliminku da sana'arku. A nan zan dakata don a ba da damar tambayoyi.